Me ke korar sojan ruwa daga jirgi?

Malam Nasiru, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. A 2024 Ingila ta jingine manyan jiragen yaƙinta guda biyu, HMS Westminster da HMS Argyll, kuma cikin dalilan da jaridunsu suka yi ta faɗa har da rashin isassun sojojin da za su tuƙa su. A shekarar ce Ostireliya ma ta sallami HMAS Anzac, ita ma tana kukan ƙarancin mutane. Ƙasashe ne masu kuɗi, albashinsu ba irin namu ba ne. Mu nan Zariya kuwa da zarar an buɗe shafin ɗaukar soja, shagunan intanet na PZ da Samaru ba masaka tsinke. To me ke cikin jirgin nan da zai sa mutum ya bar irin wannan albashi ya tafi? Kuma yaranmu da ke Legas da Kalaba da Fatakwal, su ma haka abin yake? Baba Garba, mun san kana cikin zauren nan, a taimaka mana.

Alhaji Tanimu, Kasuwar Sabon Gari:
Malam, ƙoshi ne kawai. Yaron da ake ciyar da shi sau uku kyauta, a ba shi kaki, a ba shi wurin kwana, ƙarshen wata ya ji alat, me kuma yake nema? Su zo su ga masu digiri da ke jan Keke Napep daga Kwangila zuwa Ƙofar Doka.

Baba Garba, sojan ruwa mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, wurin kwanan da ka ambata, bari in fara da shi, tunda a ɗakin inji na yi aikina kuma a ƙasan jirgi na kwana.

Gadon ƙaramin soja hawa uku ne, kamar kantar shago, ɗaya bisa ɗaya. Idan ka kwanta ba ka iya tashi zaune, sai dai ka mirgino ka fito. Wanda ke sama bututu ne da wayoyi a kan fuskarsa, wanda ke ƙasa kuma takalman mutane ne a gefen hancinsa. Duk abin da ka mallaka yana cikin loka ɗaya ta ƙarfe. Ɗakin ba taga, galibi ma yana daidai da ruwa ko ƙasa da shi. Iskar da kake shaƙa inji ne ke turo ta. Ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ga jikin jirgi ƙarfe, ga ranar gaɓar teku ta dake shi tun safe, wallahi katifa jiƙewa take yi sharkaf. Na ga dattawa masu iyali sun ɗauki kwali sun hau sama sun kwanta kusa da bindiga don su sami iska. Ga warin dizal da ke shiga har cikin burodi. Ga ƙarar janareta da ba ta tsayawa dare da rana.

A wani jirgi da na zauna, injin da ke tace ruwan gishiri ya mai da shi na sha ya lalace muna tsakiyar sintiri. Aka koma rabon ruwa. Mai girki ke da kaso na farko, sai na sha, wanka kuwa sai abin da ya rage. Ka fito daga ɗakin inji jikinka duk baƙin mai, ruwa ya kewaye ka ta ko'ina, amma sabulu ba ya kumfa a ruwan teku. Haka za ka kwanta.

Ba ina cewa kullum haka ne ba. Jirgi mai lafiya da kwamanda mai kula, zama ne mai daɗi, kuma zumuncin da ke tsakanin 'yan jirgi ɗaya ban gan shi a wani wuri ba. Amma wanda bai shiga ba kada ya ce an ba su wurin kwana.

Sajan Iliya, Basawa:
Oga Garba, da girmamawa. Mu da muka kwana a rami a Arewa maso Gabas, ruwan sama na dukanmu, ba ma san katifa ba. Ku kuna da rufi, kuna da mai dafa muku abinci. Soja ai don wahala aka ɗauke shi. Tun daga Depot, makarantar horar da sabbin sojojin ƙasa, ake gaya wa kurtu haka.

Baba Garba:
Sajan, ba mai raina abin da kuka gani, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Kuma kar ka manta akwai sojan ruwa a Baga, a bakin Tafkin Cadi, akwai kuma yaran da ke kwana cikin ƙananan jirage a fadamun Neja Delta suna farautar ɓarayin ɗanyen mai, sauro na cin su. Wahalar fagen daga kowa ya sa hannu a kanta. Wadda nake magana a kai daban ce. Kai idan an dawo da ku bariki, ka tashi daga aiki ka tafi ɗakinka, ka rufe ƙofa, ka ga 'ya'yanka. Ƙaramin sojan ruwa da ba shi da ɗaki a tudu, ko jirgi na ɗaure a tashar Apapa ta Legas, nan ne ofishinsa, nan ne ɗakinsa. Ogan da ya yi maka tsawa da rana, da dare kuna layin banɗaki ɗaya. Da an rasa mai yin wani aiki ƙarfe biyun dare, wa za a tasa? Wanda ke kwance a jirgi. Ba ranar da za ka ce yau na tashi.

Dakta Bilkisu, Samaru:
Baba, na gode da wannan bayani. Ina so in tsaya a kan barci, domin a nan ne abin ke tashi daga rashin jin daɗi ya koma asarar rai. A Yunin 2017 jirgin yaƙin Amurka USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu, ruwa ya ritsa da su a ɗakin kwana. Wata biyu bayan nan USS John S. McCain ya yi karo da tankar mai kusa da Singafo, 10 suka mutu. Binciken da aka yi ya ambaci ƙarancin horo da kurakuran shugabanni, ya kuma ambaci gajiya.

Da yawa daga jiragensu a lokacin suna bin tsarin awa 5 kana duti, awa 10 kana hutu. A takarda kamar adalci ne. Amma 5 da 10 sun zama 15, yini kuwa awa 24 ne, saboda haka lokacin barcinka kullum canzawa yake: yau da dare, gobe da hantsi, jibi da la'asar. Jikin ɗan Adam ba ya sabawa da haka. Kuma cikin awa goman nan ne za ka yi shara, ka yi atisaye, ka gyara abin da ya lalace, ka ci abinci. Bayan haɗurran ne aka umarci jiragensu su koma tsarin da mutum zai riƙa barci a lokaci guda kullum, misali awa 3 duti, awa 9 hutu, sau biyu a yini. Wannan gyara bai ci ko sisi ba, jadawali kawai aka sake.

Mu a asibiti mun san abin da rashin barci ke yi: saurin fushi, mantuwa, baƙin ciki mai nauyi. Mutumin da ya yi watanni haka, idan lokacin sabunta aikinsa ya zo, da wannan zuciyar zai yanke shawara.

Abba, ɗalibi a Kongo:
Anti Dakta, to su Amurka da ke da jirage masu ɗaukar jiragen sama, ai na zaci ciki kamar otal ne.

Dakta Bilkisu:
Abba, nemi labarin USS George Washington. An shigar da shi babban gyara a tashar gyaran jirage ta Newport News da ke Amurka a 2017, aikin da aka tsara na shekara huɗu bai ƙare ba sai 2023. Ana cikin gyaran aka mai da ɗaruruwan ƙananan sojoji su zauna a ciki, ana walda, ana bugun ƙarfe, wuta na ɗaukewa, ruwan zafi na yankewa. Wasu a mota suke kwana. A Afrilun 2022 sojoji uku na jirgin suka kashe kansu cikin mako guda. Sai bayan nan aka kwashe sama da 200 aka ba su masauki a tudu. Ka lura, jirgin nan ba ya fagen yaƙi, ko teku bai fita ba. Yana ɗaure a gida.

Malam Shehu, Ƙofar Gayan:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Garba, ni tambayata ta ibada ce. Yaya kuke yi da alwala idan an shiga rabon ruwa? Don amfanin yaranmu da ke can, ruwan teku mai tsarki ne kuma yana tsarkakewa. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: wani ya ce wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suna hawa teku da ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, sai aka halatta musu ruwan tekun. Kada yaro ya bar salla don famfo ya ƙafe.

Baba Garba:
Allah ya saka, Malam. Da shi muke yi, bokiti da igiya. Wuri ne matsala. Sai ka nemi lungu tsakanin injuna ko a bayan jirgi ka shimfiɗa darduma, ka tayar da kabbara kana fuskantar gabas, kafin ka yi sallama jirgi ya juya. Masu tuƙi mukan tambaya su gaya mana inda alƙibla take. Azumi a ɗakin inji kuwa sai wanda ya yi. Abin da ba na mantawa shi ne wani mai girkinmu, Kirista ne mutumin Kuros Riba, da kansa yake tashi ya ɗumama mana abincin sahur ba wanda ya sa shi. A wani jirgin kuma ba wanda ya damu, sai ka ɓoye burodi da gwangwanin kifi tun dare. Dokar ɗaya ce, mutanen ne suka bambanta. Kwamandan da ke saukowa ya ɗanɗana abincin yara, ya leƙa banɗakinsu, jirginsa ba a gudunsa.

Maman Khalifa, Gyallesu:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ba na yawan magana a nan amma wannan ta shafe ni, maigidana yana cikin jirgi yanzu haka. Ina zaune a gidan surukaina saboda kuɗin haya a Legas ya fi ƙarfinmu, ɗakin bariki kuma layi ne. Ba tafiyarsa ce ta fi damuna ba, na san aikin da na aura. Rashin sanin rana ne. A ce mako biyu, ya zama wata. Da sun yi nisa da gaɓa sabis ya ɗauke, ba kira ba saƙo. Yaro ya kwana da zazzaɓi, ni da kakarsa muka kai shi asibiti, muka dawo, ya warke, uban bai sani ba. Ranar da ya sami sabis ya ga saƙonnin a jere, muryarsa rawa take yi. In ya sami fas kuma, kwana guda cur a hanya zuwa, kwana guda komawa, me ya rage? Kullum maganarsa ita ce yadda zai samu a mai da shi tudu, ko Kachiya ko Kano, tunda rundunar na da makarantu a can. Ni kuma ba zan ɓoye muku ba, addu'ar da nake yi ke nan.

Hajiya Asabe, Tudun Jukun:
Allah ya dafa miki 'yata, ya dawo da shi lafiya. Masu cewa ƙoshi ne su karanta wannan da kyau.

Malam Nasiru:
Amin. Abin da Maman Khalifa ta faɗa shi ne abin da sojojin Ingila ke faɗa. Ma'aikatar tsaronsu na yin ƙuri'ar jin ra'ayin sojoji duk shekara, kuma dalilin da ke zuwa kan gaba cikin masu niyyar barin aiki shi ne yadda aikin ke taɓa iyali da rayuwar gida. A tarihi ma, da nake koyar da shi, boren sojan ruwa sau da yawa daga tukunya yake farawa. A 1797 matuƙan Ingila sun ƙi fita a Spithead kan albashi da abinci. A 1905 na jirgin Potemkin na Rasha sun yi tawaye kan nama mai tsutsa. A Fabrairun 1946 na Indiya suka fara yajin aiki a Bombay kan mugun abinci da wulaƙancin hafsoshin Turawa, abin ya bazu zuwa jirage da dama. Na yau ba ya bore, takardar sallama yake rubutawa.

Alhaji Tanimu:
Na ji, kuma 'yata ki yi haƙuri, ban yi nufin raina halin da kike ciki ba. Amma ina nan kan bakata a abu guda. Can suna da wani aikin da za su koma. Nan wa zai ajiye aikin gwamnati mai fansho? Ku nuna mini yaro ɗaya a Zariya da ya bar sojan ruwa don gado ya yi masa kaɗan. In ba sa fita, ina matsalar?

Baba Garba:
Yawwa Alhaji, nan ne gizo ke saƙar. Gaskiya ne namu ba sa fita da yawa, kuma soja ba ya ajiye aiki yadda ya ga dama, sai ya rubuta an amince. Amma rashin fita ba gamsuwa ba ce. Yaronmu ba ya barin aiki, jirgi yake bari. Zai nemi kwas, ya nemi takardar likita, ya nemi wani babba ya sa baki a kai shi ofis ko gadin gidan wani. Sunansa na cikin rajista, ana ƙirga shi, amma teku ta rasa shi. Wa ya rage a jirgi? Wanda ba shi da kowa, da sabon da ya fito daga makarantar horo ta Onne jiya. Su kuma aikin mutum biyu ya hau kan ɗaya, barci ya ƙara raguwa, su ma su fara neman hanya. Idan ka duba yawan masu cike fom sai ka ce lafiya lau. Je ka tambayi injiniyan jirgi mutum nawa yake da su da zai iya ba su inji ya je ya runtsa.

Injiniya Yakubu, Wusasa:
Baba ya taɓo inda nake jira. Ni a jiragen 'yan kasuwa na yi aiki, kuma na zauna da tsofaffin sojan ruwa da dama a can. Waɗanda ke fita ba kowa da kowa ba ne: masu gyaran inji ne, masu lantarki, masu na'urar hango jirage, masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa. Su ne kamfanonin mai da na dakon kaya ke nema, wasu da dala suke biya. Kurtu cikin watanni ake yaye shi, amma wanda zai ji ƙarar inji ya ce maka ga abin da ke shirin lalacewa, shekaru ne ke yin sa. Dubu sun cike fom ba su maye gurbin wannan ɗaya ba.

Kuma ba kuɗi kaɗai ke jan su ba. Jirgin 'yan kasuwa yana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a 2013. Ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 cikin 24, da awa 77 a mako, ta yi maganar girman ɗaki, da abinci da ruwan sha kyauta. A yawancin manyan jirage kowa da ɗakinsa. Ka san ranar hawanka, ka san ranar saukarka. Jiragen yaƙi ba sa cikin wannan yarjejeniya, kuma na fahimci dalili, jirgin yaƙi an gina shi ne don makami da gudu, mutum kuma a cusa shi inda ya rage. Amma yaron yana ganin bambancin da idonsa a tashar Apapa.

Sai shekarun jirgi. NNS Aradu daga Jamus aka kawo shi, ya fara aiki a 1982. NNS Thunder an gina shi ne wa masu gadin gaɓar Amurka tun shekarun 1960, aka miƙa mana a 2011. Kowane jirgi a duniya in ya tsufa, abin da ke fara gajiya shi ne bututun ruwa, banɗaki, firjin ajiye nama da na'urar sanyi. Idan kuɗin gyara ya yi kaɗan, inji da bindiga ake fara yi, waɗannan a ce a jira. Sabbin da aka samu, irin su Centenary da Unity daga Sin, da Lana daga Faransa a 2021, da Kada a 2022, an gina su da tunanin zamani. Amma sabo ma in ba kayan gyara a sito, shekara kaɗan zai koma gidan jiya.

Abba:
To ni a ganina a sa musu Starlink kawai. Amurka ta fara sa intanet ɗin tauraron ɗan Adam a jiragenta don yara su riƙa kiran gida. Da Maman Khalifa ta huta.

Sajan Iliya:
Ɗana, a nan kam ban yarda ba. Jirgin da ke farautar 'yan fashin teku, kowane yaro da waya a hannu yana sa hoto a Facebook? Ɓarayin mai suna da kunne a ko'ina. Sirrin tafiya shi ne ran kowa a ciki.

Injiniya Yakubu:
Sajan na da hujja, amma hanawa gaba ɗaya ma tana da nata haɗari. A 2023 wasu manyan masu igiya da ke kula da ƙananan sojoji a jirgin Amurka USS Manchester suka sayi Starlink da kuɗinsu suka kafa a ɓoye, suna amfani da shi su kaɗai, har aka gano, aka gurfanar da jagorarsu gaban kotun soja. Waɗanda aka ɗora wa tsaron doka ke nan. Gara hukuma ta sa nata, makunnin na hannun kwamanda, ya kashe lokacin farauta, ya kunna in an fita daga haɗari. Ko saƙon rubutu sau ɗaya a yini aka bari ya wuce, ya rage wa iyali zullumi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin ayari biyu a jirgi ɗaya. Amurka ta daɗe tana yi a jiragenta na ƙarƙashin ruwa masu ɗauke da makamai masu linzami, Faransa kuma ta fara a wasu manyan jiragenta tun 2019. Ayari ɗaya na teku, ɗaya na tudu yana horo da hutu, sai su yi musanya. Jirgi bai zauna ba, mutum kuma ya san watan da zai kasance a gida.

Sajan Iliya:
Wannan kuma ninka albashi ne, Injiniya. Kuma jirgin da ke da masu shi biyu, kowa zai bar wa ɗan'uwansa gyara.

Baba Garba:
Tsoron Sajan gaskiya ne, na ga yadda ake miƙa inji da ɓoyayyen ciwo ko tsakanin duti da duti. Ayari biyu sai inda ake rubuta komai kuma ake hukunta mai ɓoyewa. A ƙananan jiragen sintiri, irin su Andoni da Karaduwa da Oji da aka ƙera mana a Legas, za a iya gwadawa tunda mutanensu ba su da yawa. Amma da ni za a tambaya, ba daga nan zan fara ba. Duk jirgin da ya shiga gyara, a fitar da ƙananan yara daga cikinsa a ba su ɗaki a tudu, a bar masu gadi kawai suna karɓa-karɓa. Injin tace ruwa da na'urar sanyi a sa su a layi ɗaya da babban inji, in ba sa aiki a rubuta cewa jirgi bai shirya fita ba. Alawus ɗin teku ya shigo a watansa. Sannan a ƙayyade shekarun da mutum zai yi a jirgi kafin a mai da shi tudu, a bi layi, wanda ke da uba a Abuja da wanda ba shi da shi. A Maris ɗin 2022 aka cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya yi wa katutu, kuma yaran da ke kwana a gadajen nan ne suka yi sintirin da ya jawo haka. Maman Khalifa, in kun yi waya ki ce masa ya rubuta neman canjin ta hannun hafsan sashensa, ya ajiye kwafi, kada ya ba kowa kuɗi.